Yadda ake shirya wa jarrabawar fiziks a jami'a: warware tambayoyi da neman taimakon malami

Fiziks na da wata yaudara da ba kowane kwas ke da ita ba. Malami na gaban allo yana warware tambaya layi bayan layi, kana biye da shi kana gyaɗa kai, komai ya zauna daram. Ka koma ɗaki ka karanta misalin da ke cikin littafi, shi ma ka ga ai babu abin tayar da hankali. Ranar jarrabawa sai a kawo misalin nan dai da ka gani, kamar na akwati a kan gangara, a ɗan murɗa tambayar, ka zauna kana juya biro ba ka san ta inda za ka kama ba. Dalili shi ne duk tsawon zangon karatu bayan wani ka yi ta bi, alhali jarrabawa so take ta ga ko za ka iya samo layin farko da kanka. Shekara a gefen direba ba ta mai da mutum direba. Don haka shirin nan a kan abu biyu ya tsaya: ka rufe littafi ka warware da hannunka, in kuma ka maƙale ka kai wa malami ainihin inda ka maƙale.

## Da farko, san abin da za a tambaye ka

Tara abu huɗu wuri guda: tsarin kwas ɗin da aka raba a farkon zango, abin da ka rubuta a lakca, tambayoyin aikin gida da na ajin bita, sai takardun jarrabawar shekarun baya in ana samunsu. Ka bi takardun bayan nan da biro, kana rubuta maudu'in kowace tambaya a gefenta. Kafin ka gama za ka ga abin da ke dawowa kusan kowace shekara, da abin da sai jefi-jefi ake taɓawa. Wannan zai nuna maka inda za ka zuba yawancin lokacinka. Ba izinin tsallake sauran ba ne.

Ka kuma tambaya tun yanzu: ana ba da takardar fomula a ɗakin jarrabawa ko sai mutum ya haddace? Wane irin kalkuleta aka yarda da shi? Ana ba da maki a kan matakai ko amsar ƙarshe kawai ake dubawa? Amsoshin nan uku suna canza yadda za ka yi karatun gaba ɗaya.

Sai ka duba lissafinka da gaskiya. Makin da ɗalibai ke zubarwa a fiziks, da yawa daga cikinsa a aljebra yake zubewa: raba bekta (adadi mai girma da alkibla) gida biyu, warware lissafi biyu masu harafi biyu da ba a sani ba, ko rikita sin da cos. In nan ne rauninka, ware kwana biyu ko uku ka gyara shi, domin duk babin da ka shiga zai biyo ka.

## Karanta kaɗan, ka rufe littafi

Karanta sashe ɗaya, ka rufe, ka rubuta a farar takarda abin da dokar ta ce, yaushe take aiki, yaushe ba ta aiki. Sannan ka buɗe ka gwada. A shekarar 2006 masu bincike biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma aka sa su rufe su tuno abin da suka karanta. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, masu tunowa suka wuce su. Maimaita karatu yana da daɗi, shi ya sa muke son sa, amma jarrabawarka ba bayan minti biyar za a yi ta ba.

Haka za ka yi da misalan da aka warware a littafi. Ɗora takarda a kan amsar, ka karanta tambayar kaɗai, ka gwada. In ka yi kamar minti 15 zuwa 20 babu motsi, janye takardar ka leƙa layi ɗaya tak, ka mayar da ita, ka ci gaba. Duk tambayar da sai da ka leƙa, sa mata alama, ka dawo mata bayan kwana biyu ko uku daga farko. Sai ranar da ka warware ta ba leƙe za ka ƙirga ta cikin waɗanda ka iya.

Littafin amsoshi, bidiyon intanet da manhajojin da ke warware tambaya nan take duk hukuncinsu ɗaya: a bayan ƙoƙarinka suke da amfani. Manhajojin ma kan yi kuskuren lissafi cikin murya mai cike da tabbaci, don haka kada ka kwafi abin da ba ka bi da kanka ba.

## Doka kafin fomula

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a daɗe.

A 1981 Michelene Chi da abokan aikinta biyu, Paul Feltovich da Robert Glaser, sun ba ƙwararru da sabbin ɗalibai tarin tambayoyin fiziks, suka ce su kasa su kashi-kashi. Sabbin ɗalibai suka kasa su bisa kamanni: waɗannan na gangara ne, waɗancan na igiya da kura-kura. Ƙwararru kuwa suka kasa su bisa dokar da za ta warware su: wannan dokar Niyuton ta biyu ce, wancan adana makamashi ne, ko da hotunansu ba su yi kama ba. Abin da kake son koya wa idonka ke nan. Kafin ka taɓa fomula, tambayi kanka wace doka ce ke mulkin wannan tambaya, ka rubuta ta da kalmomi a saman takarda.

Ga misali mu bi shi a tsanake. Akwati mai mas (m, wato yawan abin da ke jikinsa) kilogiram 5 yana zamewa daga tsaye a kan gangara mai kusurwar digiri 30, wadda za mu kira θ. Ma'aunin gogayya tsakaninsa da gangarar, wato μ, 0.2 ne. Ana son saurinsa bayan ya zame mita 4.

Zane ne farko, kuma babba, rabin shafi ma bai yi yawa ba. Ware akwatin shi kaɗai, ka zana duk ƙarfin da ke aiki a kansa. Uku ne: nauyinsa mg (mas sau g, ƙaruwar gudun da jan ƙasa ke jawowa, 9.8 m/s²) yana kallon ƙasa tsaye, turin da gangara ke masa N yana fita daga doronta a miƙe, sai gogayya f tana kallon sama a kan gangarar tunda akwatin ƙasa yake yi. Kowace kibiya ka zana, ka iya faɗin wane abu ne ke yin wannan turi ko ja. In ba ka iya faɗa ba, goge ta. Ɗalibai da yawa kan ƙara wata kibiya wai "ƙarfin tafiya", alhali babu abin da ke tura akwatin gaba in ban da ɓangaren nauyinsa.

Sai ka zaɓi layukan awo, ɗaya a kwance bisa gangarar, ɗaya a tsaye a kanta. Nauyi ya rabu biyu: mg sin θ yana jan akwatin ƙasa bisa gangarar, mg cos θ yana danna shi a kanta. Tunda akwatin ba ya nutsewa cikin gangara kuma ba ya tashi sama, N = mg cos θ. Lura da wannan da kyau, domin hannu ya saba rubuta N = mg tun daga tambayoyin tebur, kuma nan ne mutane ke faɗawa. Gogayya ita ce μN. Dokar Niyuton ta biyu, wato jimillar ƙarfi daidai take da mas sau ƙaruwar gudu a, bisa gangarar ta ba da:

mg sin θ − μmg cos θ = ma

Kada ka sa lambobi tukuna. Ka ci gaba da haruffa, za ka ga m ya fita daga kowane ɓangare, ya bar a = g(sin θ − μ cos θ). Ashe kilogiram 5 ɗin da aka ba ka ba ka ma buƙatarsa. Wanda ya yi gaggawar danna kalkuleta ba zai taɓa ganin haka ba. Yanzu sa lambobi: 9.8 × (0.5 − 0.2 × 0.866) ya ba da kusan 3.2 m/s². Daga v² = 2as, inda v sauri ne, s kuma nisan da ya zame, wato 2 × 3.2 × 4 = 25.6, saurin ya zama kusan 5.1 m/s.

Kada ka tashi. Sake warware ta ta hanyar makamashi. Zamewar mita 4 a kan digiri 30 saukar mita 2 ce, don haka makamashin da saukar h ta bayar, mgh = 5 × 9.8 × 2 = jul 98 (jul ma'aunin makamashi ne). Gogayya kusan niyuton 8.5 ce (niyuton ma'aunin ƙarfi ne), ta cinye kusan jul 34 a cikin mita 4. Saura jul 64 ya zama makamashin motsi, ½mv² = 64, v² = 25.6. Amsa ɗaya ta hanya biyu. Tambaya guda da aka bi haka ta fi biyar da aka ratsa a guje, domin yanzu ka san abin da ya bambanta hanyoyin: in an tambayi lokaci ko ƙaruwar gudu, Niyuton ya fi kusa. In sauri kawai ake so tsakanin wuri biyu, musamman in hanyar lanƙwasasshiya ce, makamashi ya fi gajarta.

## Tuhumi amsarka

Bincike uku ne, kuma ba sa cin minti biyu.

Na ɗaya ma'auni. In kana neman sauri ka ƙare da mita a kan sakan sau sakan, akwai ɓaraka a sama. Mai da komai mita, kilogiram da sakan tun a layin farko: kilomita 72 a awa mita 20 ne a sakan, santimita 5 kuma 0.05 ne. Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangaren aikin ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, wani kuma yana tsammanin niyuton.

Na biyu, kai fomularka ƙarshen iyaka. A misalinmu, in θ ya zama digiri 90, a ya koma g, wato faɗuwa tsaye, daidai. In μ sifili ne, a = g sin θ, daidai. Da ka musanya sin da cos, nan take wannan gwaji zai tona asiri. Wani amfanin barin haruffa har ƙarshe ke nan.

Na uku hankali. Mota ba ta gudun mita 3,000 a sakan, kuma babu abin da ya wuce gudun haske, kusan mita miliyan 300 a sakan. Ka kuma duba kalkuletarka kullum: danna sin 30. In ta ba ka 0.5 lafiya. In ta ba ka −0.988, tana kan radiyan ne, wani ma'aunin kusurwa daban da digiri, kuma duk lissafin kusurwa da ka yi da ita ya tafi.

## Yawan tambayoyi kaɗai ba ya wadatarwa

Akwai ɗalibin da ke alfahari da adadin tambayoyin da ya warware. Wani bincike da Eunsook Kim da Sung-Jae Pak suka wallafa a 2002 ya duba ɗalibai a Koriya ta Kudu waɗanda a matsakaici suka warware tambayoyi sama da 1,000 kafin shiga jami'a, ya gano har yanzu suna tuntuɓe a kan ainihin ma'anar dokokin motsi. Hannu ya iya, kai bai kama ba.

Gwada kanka. An jefa ƙwallo sama, ta kai ƙololuwa. Nawa ne ƙaruwar gudunta a wannan lokaci? In zuciyarka ta ce sifili, to kana cikin jama'a masu yawa, amma ba daidai ba ne. Saurinta ne sifili. Ƙaruwar gudun tana nan 9.8 m/s² tana kallon ƙasa, domin jan ƙasa bai tafi hutu ba. Da sifili ce, da ƙwallon ta tsaya a can.

Maganin wannan shi ne murɗa kowace tambaya bayan ka gama ta. In aka ninka mas fa? In akwatin sama aka tura shi, ina gogayya za ta kalla? A tambayar lantarki, in aka ƙara resista (mai rage gudun lantarki) ta uku a jere, ko a gefe, me zai sami hasken kwan fitilar farko? Yi hasashe da baki kafin lissafi. Malamai ma haka suke haɗa tambayoyin jarrabawa, tsohuwa suke murɗawa. Manhajojin PhET na Jami'ar Colorado, masu kwaikwayon gwaje-gwajen fiziks a kan kwamfuta, kyauta ne a intanet, kuma suna da kyau wajen wannan, da sharaɗin ka rubuta hasashenka kafin ka taɓa maɓalli.

Ka ajiye ƙaramin littafi na kurakurai. Kowace tambaya ka faɗi, rubuta layi biyu: me na yi, me ya sa. "Kuskuren ganganci" ba dalili ba ne. Rubuta ainihin abin: na manta alamar ragi a g, na yi amfani da fomular da ke buƙatar ƙaruwar gudu tsayayya a inda take canzawa, na adana makamashin motsi a karon da abubuwa suka manne. Bayan mako biyu za ka ga kurakuranka iri uku ne ko huɗu suke ta sake riga.

## Zuwa wurin malami

Yawancin malamai na da lokacin da suka ware don ganin ɗalibai, kuma sau da yawa kujerar tana zama babu kowa sai ana saura kwana uku jarrabawa, sannan layi ya kai bakin ƙofa. Je da wuri. A mako na huɗu malami na da minti ashirin da zai ba ka. A makon jarrabawa da kyar ka samu biyu.

Abin da ka tafi da shi ne ke yanke abin da za ka dawo da shi. Wanda ya shiga ya ce, "Malam, ni fa ban gane babin makamashi ba," ya ɗaure wa malami hannu. Iyakar abin da zai iya shi ne ya maimaita lakca a taƙaice, kai kuma ka sake gyaɗa kai. Kwatanta da wanda ya ajiye takardarsa a kan tebur ya ce:

"Malam, barka da aiki. Tambaya ta 7 ce a takardar aikin gida. Ga zanena, ga inda na yi amfani da adana makamashi. Na samu mita 6.3 a sakan, amsar kuma 5.1. Ina zargin wajen gogayya ne, amma ban ga yadda zan shigar da ita ba. Ko za ku duba mini daga wannan layin?"

Wannan ɗalibi cikin minti uku zai fita da abin da ya zo nema, kuma malamin ya ga yadda yake tunani, wanda shi ne abin da yake buƙata kafin ya gyara. Kada ka goge aikin da ya lalace don kunya. Shi ne ya fi komai daraja a cikin jakarka.

Idan ya fara bayani, roƙe shi ya bar biron a hannunka: "Malam, ku ba ni alama kawai, in gwada a gabanku." In ya warware maka duka, ka koma gidan jiya. Akwai kuma tambaya ɗaya da ɗalibai ba su cika yi ba, alhali ta fi kowace riba: "Me kuka gani a cikin tambayar da ya sa kuka zaɓi wannan doka?" Amsarta ita ce abin da littafi ba ya rubutawa. Kuma in ba ka gane ba, kada ka ce ka gane don ladabi. Ka ce, "Ku yi haƙuri, Malam, daga nan zuwa nan ne na ɓata." Matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya faɗi gaskiyar inda yake. Da ka fito, nemi wuri ka zauna ka sake warware tambayar daga farko kafin bayanin ya huce.

Tambayar "me zai fito a jarrabawa?" ba ta da amfani, wani malamin ma haushi take ba shi. Tambayi inda ɗalibai suka fi zubar da maki a wannan kwas, da yadda yake son a jera matakai. Waɗannan zai amsa da daɗin rai. In an dawo maka da takardar gwajin tsakiyar zango, kai ta don ka fahimci inda ka kauce, ba don cinikin maki ba.

In ajin babba ne malamin ba ya samuwa, akwai mataimakansa da masu koyar da ajin bita, waɗanda sau da yawa su ke duba takardu. In saƙon imel za ka tura, sa sunan kwas da lambar tambaya, ka haɗa hoton aikinka mai fitowa sarai, ka yi tambaya guda ɗaya.

Abokan karatu ma malamai ne in an tsara zaman. Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya gina salon koyarwarsa tun farkon shekarun 1990 a kan haka: kowane ɗalibi ya fara ba da amsarsa shi kaɗai, sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi. Ku yi koyi da tsarin. Mutum uku ko huɗu, kowa ya gwada tambayoyin a ɗakinsa tukuna, a haɗu a yi gardama a kan inda amsoshi suka saɓa. Zaman da mutum ɗaya ke warwarewa saura na kwafa, shi kaɗai ke karatu.

## Makonni biyun ƙarshe

Tambayoyin ƙarshen babi suna da wata rangwame a ɓoye: ka riga ka san dokar da za ka yi amfani da ita, tunda sunan babin na sama. Jarrabawa ba ta yin wannan alheri. Don haka yanzu sai ka gauraya. Rubuta lambobin tambayoyi daga babi daban-daban a ƙananan takardu, ka cakuɗa, ka riƙa zara. Wani lokaci ma ba sai ka warware duka ba: ɗauki tambaya goma, kowace ka yi zane, ka rubuta dokar da layin farko, ka wuce. Makinka na atisaye zai ɗan faɗi a farko, kada hakan ya dame ka.

Ka yi aƙalla jarrabawar gwaji biyu da takardun shekarun baya waɗanda ba ka taɓa buɗewa ba, da agogo, da irin kalkuletar da za ka shiga da ita, waya a wani ɗaki. Ka yi ta farko da sauran lokaci, yadda abin da ta tona za ka iya kai wa malami. Awa biyu kullum na kwana goma sun fi awa ashirin a kwana biyu. Daren ƙarshe na littafin kurakurai ne da barci. Fiziks tunani ne mai matakai, kuma kan da bai yi barci ba alamar ragi yake fara yarwa.

## A ɗakin jarrabawa

Karanta takardar duka kafin ka fara, ka raba lokaci bisa maki: in maki 100 ne a minti 120, tambaya mai maki 10 kada ta wuce minti 12. Fara da wadda ka fi tabbaci. In ka maƙale, yi zane, rubuta dokar da kalmomi, jera lissafin da haruffa, ka bar fili ka wuce, domin inda ake ba da makin matakai waɗannan kaɗai suna kawo wani abu. In sashe na biyu ya dogara da amsar na farko da ba ka samu ba, kira ta da harafi ka ci gaba da aiki. Kada ka taƙaita lambobi a tsakiyar lissafi, bari sai layin ƙarshe, kuma kowace amsa ta fita da ma'auninta. In amsa ta fito wadda hankali ba zai ɗauka ba kuma lokaci ya ƙure, rubuta a gefe cewa ka lura ta yi yawa da inda kake zargin kuskuren yake, ka ja layi ɗaya siriri a kan aikin da ka soke yadda mai dubawa zai iya karanta shi.